Rufaffen akwati ko mai bututu: wanne za ka haɗa wa sifikar ɗakinka?

Duk wanda ya ƙudurta haɗa sifikar ɗakinsa da hannunsa, kafin a sa zarto a jikin katako akwai tambayar da sai ya amsa: akwatin nan rufe shi za a yi ruf, ko za a bar masa bututun da iska za ta riƙa shiga da fita? Yawancinmu mun taso muna ganin sifika da rami a gaba ko a baya, har muka ɗauka ramin nan shi ne duma, wato sauti mai kauri, wadda ba ta da shi kuwa an yi mata rowa. Ba haka abin yake ba. Kowane akwati da irin aikinsa, kuma wanda zai dace da kai ya fi danganta da wufar (babban faifan sifika mai fitar da sauti mai kauri) da ke hannunka a kan son ranka. Ina magana ne a kan sifikar saurare a ɗaki, wadda za ka zauna gabanta ka ji murya da kiɗa tas. Manyan nan na gidan biki da filin taro lissafinsu daban.

Dalilin yin akwatin ma shi ne farkon abin da ya kamata mutum ya riƙe. Idan faifan wufa ya turo gaba yana matse iskar da ke gabansa, a daidai lokacin kuma yana barin gurbi a bayansa. Sauti mai kauri zangonsa dogo ne, a Hz 40, wato karkarwa 40 a daƙiƙa, ya haura mita 8, don haka iskar da aka matse a gaba sai kawai ta zagaya gefen faifan ta cike gurbin baya, su kashe juna. Ka jona wufa tsirara a kan tebur ka gani: faifai na ta rawa, duma kuwa babu. Tun 1925 da Chester Rice da Edward Kellogg na kamfanin General Electric suka fito da irin sifikar da muke amfani da ita yau, mai kwayil a cikin maganaɗisu, matsalar ke nan: yaya za a yi da sautin da ke fita ta baya? Ko dai a tsare shi a cikin akwati ya mutu a can, ko a juyo shi ya fito ya taya na gaba.

Albert Thuras na Bell Labs a Amurka shi ya nemi rajistar fasahar akwati mai ƙofar iska a 1930, aka ba shi a 1932. Rufaffen akwati kuwa ana yin sa tun da, sai dai ƙato ne, har zuwa 1954 da Edgar Villchur ya zo da dabarar da ta mai da shi ƙarami. Ya sassauta wuyan wufar ta yi laushi sosai, ya bar iskar da ke tsare cikin akwati ta zama ita ce sifirin da ke mai da faifai mazauninsa. Shi da ɗalibinsa Henry Kloss suka kafa kamfanin Acoustic Research a garin Cambridge na jihar Massachusetts, suka fito da AR-1, mutane suka ji duma mai zurfi daga akwatin da za a iya ɗorawa a kan kanta. A duk tsawon wannan lokaci, mai bututu lalube ake yi wajen haɗa shi, a yanka a gwada, a sake yankawa. Sai a 1961 wani injiniya ɗan Ostareliya, Neville Thiele, ya rubuta lissafinsa, sannan Richard Small na Jami'ar Sydney ya faɗaɗa shi a farkon shekarun 1970. Lambobin da kamfanoni ke rubutawa a takardar wufa yau sunan mutanen nan biyu suke ɗauke da shi, kuma bayan samuwarsu ne mai bututu ya mamaye kasuwa.

Yadda bututun yake aiki, duk yaron da ya taɓa hura bakin kwalbar lemo ya ji ta yi "huuu" ya riga ya gwada shi. Iskar da ke wuyan kwalba tana da ɗan nauyi, wadda ke cikin cikinta tana matsuwa tana dawowa, su biyun suka haɗu suka ba da sauti ɗaya tak. Hermann von Helmholtz ya yi bayanin wannan tun ƙarni na 19. Akwatinka shi ne cikin kwalbar, bututun shi ne wuyanta. A daidai sautin da aka saita su a kai, bututun ne ke yin kusan duk aikin, faifan wufa kuwa da ƙyar za ka ga yana motsi. Riba biyu ke nan: duman ya ƙara zurfi, wufar kuma ta huta a wajen da ya kamata ta fi shan wahala. Amma da an sauka ƙasa da wannan sauti, abin sai ya juya. Iskar bututu ta koma tana fita saɓanin ta faifai suna kashe juna, kuma akwatin ya daina riƙe wufar, ta zama kamar tsirara. Shi ya sa ƙarfin mai bututu yake faɗuwa da dB 24 (dB ma'aunin ƙarfin sauti ne) duk lokacin da lambar Hz ta ragu da rabi, rufaffe kuwa dB 12 kawai. Rufaffe yana fara gajiya da wuri amma a hankali yake sauka. Mai bututu yana riƙewa har can ƙasa, sannan ya saki gaba ɗaya.

Lambobi uku ne ginshiƙin zaɓin. Fs shi ne sautin da wufa take karkarwa a kai da kanta idan tana tsirara. Qts yana nuna yadda maganaɗisu da wuyan wufa suke iya riƙe faifan kada ya ci gaba da rawa bayan an daina tura shi. Ƙaramar lamba tana nufin riƙo mai ƙarfi. Vas kuwa laushin wufar ne aka auna da litar iska. Abin da masu sana'ar suka saba bi shi ne: Qts ƙasa da 0.4 ya fi son bututu, daga 0.4 zuwa 0.7 ya fi son rufaffe, sama da haka kuwa wufar ba ta son ƙaramin akwati kowane iri. Akwai kuma gajeriyar hanya: ka raba Fs da Qes, wato lambar riƙon da maganaɗisu da kwayil kaɗai suke yi, idan amsar ta kusa 50 ko ƙasa to rufaffe, idan ta kusa 100 ko sama to bututu, tsakani kuwa duk wanda ka yi zai tafi.

Bari mu ƙaddara kana da wufa mai inci 6.5, Fs ɗinta Hz 40, Qts 0.35, Vas lita 25. Misali ne kawai, amma irin lambobin da ake yawan gani ne a wufa mai kyau ta wannan girma. A rufaffen akwati abin da ake nema shi ne riƙon wufa da akwati a haɗe, wanda ake kira Qtc, ya tsaya wajen 0.7, inda duma ba ya kumbura kuma ba ya ramewa. Lissafin ba wuya: ka raba 0.707 da 0.35 ka sami 2.02, ka ninka shi da kansa ka sami 4.08, ka cire 1 saura 3.08, ka raba lita 25 da wannan. Akwatin ya fito lita 8. Sannan ka ninka Fs da 2.02 ɗin nan, ka ga inda duma zai fara raguwa: Hz 81. Wannan wufar dai, idan ka sa ta a mai bututu, za ta nemi kimanin lita 18, a saita bututun a Hz 43, kuma duman zai riƙe har wajen Hz 45 kafin ya fara faɗuwa.

To me wannan yake nufi a kunne? Igiyar da ta fi kauri a jitar bes mai igiya huɗu tana kan Hz 41. A rufaffen nan na lita 8 wannan sauti zai fito ƙasa da sauran da kusan dB 12, mai bututu kuwa abin da zai rasa bai wuce dB 5 ba. Tazarar nan babba ce, domin raguwar dB 10 kunne yana jin ta kamar an rage ƙara da rabi. Wanda kiɗan zamani mai nauyin ganga da bes shi ne abin saurarensa, kuma ba shi da niyyar ƙara sabwufa, wato sifika ta daban mai fitar da duma kaɗai, nan take zai ji abin da bututu ya ƙara masa. Amma ka lura da farashin: akwatin ya ninka girma fiye da sau biyu. Anton Hofmann, wanda harafin sunansa ne H a kamfanin sifika na KLH, an san shi da ƙa'idar nan cewa ƙaramin akwati, duma mai zurfi, da ƙara mai yawa daga wuta kaɗan, biyu kawai za ka iya samu a ciki, na ukun sai ka haƙura. Har yau ba wanda ya karya ta. Wanda kuwa yawan saurarensa karatu ne, ko wa'azi, ko labarai da waƙoƙin da murya ce gaba, to muryar namiji ma ba kasafai take sauka ƙasa da Hz 85 ba, ke nan rufaffen nan bai rage masa wani abin a zo a gani ba.

Bututun kansa yana da nasa rikicin, kuma a nan ne ayyuka da yawa suke lalacewa. Idan ka yi amfani da bututun roba na famfo mai faɗin santimita 5 a ciki, tsawon da zai ba ka Hz 43 a lita 18 wajen santimita 14 ne. Idan ka ce bari in faɗaɗa shi zuwa santimita 7.5 don iska ta sami hanya, tsawon sai ya tashi zuwa wajen santimita 34, wanda ba zai shiga akwatin ba sai da gwiwa, kuma zai cinye maka sama da lita ɗaya da rabi. Idan ka ƙuntata shi kuma, iska za ta riƙa gudu a ciki tana "fuf-fuf" a kan kowane bugun ganga. Masu lissafi suna ƙoƙarin kada gudun iskar ya wuce mita 17 a daƙiƙa, kuma suna goge bakin bututun ya yi kwana maimakon kaifi. Manhajar WinISD kyauta ce, tana nuna maka duk wannan a kwamfuta kafin ka sayi katako, haka ma VituixCAD. Akwai masu maye gurbin bututun da wani faifai marar kwayil da maganaɗisu, a ƙara masa nauyi har ya sauka kan sautin da ake so. Aikinsa ɗaya da bututu, babu hucin iska, amma kuɗi ne ƙari kuma samunsa ba sauƙi.

Yanzu ga abin da ni a ganina ya fi komai nauyi ga mai haɗa sifika a nan wajenmu. Duk lissafin da ke sama yana tsaye ne a kan lambobi uku, kuma wufar da za ka ɗauko a shagon kayan lantarki a Sabon Gari ko wadda aka kawo daga Alaba, sau da yawa abin da ke jikin kwalinta inci ne da om da wata ƙatuwar lambar wat. Babu Fs, babu Qts, babu Vas. Mai shago zai jona maka ita ka ji tana ƙara, iyakar gwajin ke nan. Irin waɗannan da yawansu maganaɗisunsu ƙarami ne idan aka gwada da nauyin faifan, wato Qts ɗinsu yana sama. A ce 0.6 ne, da Vas lita 25. Idan ka rufe ta a akwatin lita 25, Qtc zai tsaya a 0.85, duma ya ɗan kumbura kaɗan amma ana saurare da daɗi. Idan ka ce bututu za ka yi mata yadda ya kamata, sai ta nemi sama da lita 80. Ka matse ta a lita 25 ka huda mata rami kuwa, abin da za ka samu shi ne duman nan mai murya ɗaya, kowace waƙa "bum-bum" iri ɗaya, ba ka bambance igiyar bes daga bugun ganga. Wannan ne ya ɓata wa mai bututu suna a wajen wasu, alhali laifin na haɗin ne.

Rufaffe yana da haƙuri da kuskure. A misalinmu na farko, idan kafinta ya yi maka lita 10 a maimakon 8, Qtc ya koma 0.65, idan ya yi lita 6 da rabi, ya koma 0.77. Duk biyun ba wanda zai ji ya ce an yi ɓarna. Mai bututu kuwa abu uku ne dole su dace da juna, wufa da girman akwati da tsawon bututu, ɗaya ya kauce sauran sun bi shi. Ko wufar da ta zo da takarda ma lambobinta na iya ɗan saɓa wa abin da aka rubuta, kuma sabuwa wuyanta da tauri, sai ta yi aiki na wasu awanni take sakewa.

Ba wai ba za a iya auna wufar kasuwa ba. Da rizisto ɗaya a jere da ita, da mita, da manhajar fitar da sauti a waya, za ka iya gano Fs: ka riƙa sauke sautin a hankali har inda wutar da ke kan wufar ta fi hawa. Manhajar REW, ita ma kyauta, tana fitar da sauran lambobin idan ka haɗa ta da katin sauti, ka auna sau ɗaya haka nan, ka manna wa faifan wani nauyi da ka sani ka sake aunawa. Wanda zai iya zama ya yi wannan, ƙofar bututu a buɗe take gare shi. Wanda ba zai iya ba, ya rufe akwatinsa, ya yi shi da ɗan yalwa, in duma ya rame ya sa bulon katako a ciki ya rage girman har ya ji daidai.

Akwai dai inda mai bututu yake da hujja mai ƙarfi, wato wajen wuta. Mutane da yawa yanzu ƙananan allunan amfilifaya suke amfani da su, irin masu TPA3116 na Texas Instruments, saboda suna tafiya da batir ko sola kuma ba sa zafi. A bolt 12, abin da irin wannan allo zai iya ba sifika mai om 8 ba tare da sauti ya fashe ba bai wuce wat 9 ba. Sai ka kai shi bolt 24 kake maganar wat 35 ko kusa. Idan ka ce za ka murɗa maɓallin bes don cike abin da rufaffe ya rasa, ka sani kowane dB 3 ninkin wuta ne, dB 6 ninki huɗu. Wat 9 ba ta da wannan rarar. Ita ma wufar, don ta riƙe ƙara ɗaya idan Hz ta ragu da rabi, sai faifanta ya yi tafiya ninki huɗu, kuma wufar inci 6.5 tafiyarta 'yan milimita ce. Bututu yana ba ka wannan duman ba tare da ƙarin wuta ba. Sai dai kada a ruɗe ka cewa zai sa sifikar gaba ɗaya ta fi ƙara: murya da sauran sauti na tsakiya yadda suke a rufaffe haka suke a mai bututu, ƙarin a ƙasa kawai yake.

Haɗarinsa kuma yana nan a ƙasa da inda aka saita shi. Ka kunna fim mai fashe-fashe, ko waƙar da aka cusa wa sautin Hz 25 zuwa 30, ka ƙure ƙara, sannan ka dubi faifan: zai riƙa fita yana komawa kamar zai tsinke, alhali ba ka jin wani duma, in abin ya yi yawa ka ji "ƙas-ƙas", kwayil ne ke dukan ƙarfen baya. Kaɗan daga wannan ya isa ya kashe wufa. Maganinsa matatar da za ta yanke sautin da ke ƙasa da bututu kafin ya isa amfilifaya. Rufaffe iskar cikinsa tana riƙe da faifan komai ƙasan da aka sauka, shi ya sa ya fi jure hannun yara da baƙi a kan maɓallin ƙara.

Sai ɗaki. Masu tallan sifika ba sa son wannan magana, amma a ƙasa da Hz 200 ɗakin ne ke da rinjaye. Ɗakin da tsawonsa mita 4 ne yana da sautin da yake amsawa da kansa tsakanin bango da bango, kuma lissafinsa gudun sauti ne, mita 343 a daƙiƙa, a raba da ninkin tsawon: Hz 43. Daidai inda muka saita bututunmu ke nan. Ɗakunanmu na bulo da siminti, ƙasa tayil, sun fi mai da duma a kan gidajen Turai da Amurka masu bangon allo, inda aka auna yawancin sifikun da ake yabo. A irin wannan ɗaki, musamman idan dole sifika ta jingina da bango ko ta shiga kusurwa, mai bututu yana iya cika ɗakin da gunji har murya ta nutse. Rufaffe da yake sauka a hankali, abin da bango ya ƙara sai ya cike masa giɓinsa, ka ji duman ya fi abin da takarda ta nuna. A babban falo mai labule da kujeru da kafet, inda za a iya janyo sifika rabin mita daga bango, mai bututu ne zai fi cika wurin. In bango ya zama dole kuma bututu kake so, ka fito da shi ta gaba.

Masu cewa duman rufaffe ya fi tsafta suna da gaskiyarsu: sautin bututu yana ɗan jinkiri kafin ya taso kuma yana ɗan ja kafin ya mutu. Amma a akwatin da aka saita daidai, ƙasa sosai, wannan jinkiri ƙarami ne idan aka gwada da abin da ɗaki yake yi. Abin lura dai shi ne biyu daga sifikun da suka fi suna wajen aikin tace sauti rufaffu ne: LS3/5A da BBC ta tsara a tsakiyar shekarun 1970 don motocinta na ɗaukar shiri, wadda cikinta bai wuce lita 5 ba, da Yamaha NS-10 ta 1978. Ba don duma ake son su ba, don a ji murya yadda take ne.

Wani abu da littattafan waje ba sa kawowa shi ne rami gida ne. Zanzaro yana gina ɗakinsa na laka a cikin bututu, kyankyaso da tsaka suna shiga, ɓera in ya samu hanya audugar ciki ce shimfiɗarsa, waya kuma abin ci. Ƙurar hunturu tana bi ta nan ta zauna a bayan wufa. Raga mai manyan idanu a bakin ciki na bututun tana rage wannan, mai ƙananan idanu kuwa tana shaƙe iskar ta ɓata saitin. Rufaffe ba shi da wannan damuwa ko kaɗan.

Wajen aikin katako bambancinsu kaɗan ne. MDF, wato allon garin katako da aka matse, mai kaurin milimita 18 ya fi sauƙin yanka da gogewa kuma ba ya amo, amma ruwa ya taɓa shi ya kumbura, don haka a shafe shi da fenti ciki da waje kafin damina, kuma a rufe hanci lokacin yanka. Filawud ya fi jure laima da riƙe sukuru, sai dai na arha yana da kogo a tsakanin ɓawonsa wanda zai riƙa zuza. Ka ba kafinta awon ciki, ka nanata masa cewa na ciki ne. Santimita 18 da 17 da 28 zai ba ka lita 8 da ɗan rara saboda wurin da wufa za ta ci. 20 da 25 da 38 zai ba ka lita 19, wufa da bututu su cinye ɗaya. Kada ɓangarorin uku su zo daidai da juna. A sa gam a kowace gaɓa, a ƙara sanda a tsakanin bangon hagu da dama. Kada kuma ka ce tunda akwai rami ƙaramin yoyo ba komai. Yoyo ya fi cutar da mai bututu, domin yana zubar da matsin da bututun ke dogaro da shi. Rufaffe ana cika shi da audugar filo sako-sako, wadda ke sa wufa ta ji kamar akwatin ya ƙara girma kaɗan. Mai bututu bangonsa kawai ake lulluɓewa, a bar hanya tsakanin wufa da bakin bututu.

Gwajin ƙarshe kowanne da nasa. A rufaffe, ka baza yatsunka kewaye da hular tsakiyar faifan, ka danna a hankali ka riƙe, ka saki: ya kamata ya dawo sannu-sannu. In ya yi tsalle ya dawo nan take ba tare da ka ji iska ta yi maka gardama ba, akwai babban yoyo. A mai bututu, ka kwantar da akwatin faifai na kallon sama, ka zuba ƙwayoyin shinkafa kaɗan a kai, ka kunna sauti daga waya a ƙaramar ƙara, ka fara daga Hz 70 kana sauka ɗaya-ɗaya. Shinkafar za ta yi ta tsalle, sai ka zo wani wuri ta lafa kusan cak, alhali tafin hannunka a bakin bututu yana jin iska ta fi ƙarfi. Nan ne saitinka. Shi ya sa ake yanka bututun da ɗan tsawo tun farko kuma ba a manne shi: in saitin ya yi ƙasa ka rage tsawon ya hau.

Ga inda na tsaya. Akwatin farko, da wufar da ba ta da takarda, da ƙaramin ɗakin siminti: rufaffe. Wufa mai sanannun lambobi da Qts ƙasa da 0.4, ƙaramar amfilifaya, falo mai faɗi, babu sabwufa: mai bututu. Wanda kuma yake da niyyar ƙara sabwufa nan gaba, ƙananan rufaffu biyu sun fi masa, domin saukarsu a wajen Hz 80 ita ce daidai inda tsarin THX na silimar gida ya sa a miƙa wa sabwufa aiki, kuma haɗa su ya fi sauƙi. Ka tuna dai akwati ƙasan sauti kawai yake yanke wa hukunci. Daɗin murya yana hannun tuwita, wato ƙaramin faifan siririn sauti, da kurosoba mai raba sauti tsakaninta da wufa, kuma can ne ya kamata rabin lokacinka ya tafi.

Ga masu gyaran tsohuwar sifika ta gwanjo, hanyar ɗaya ce ke tafiya, ɗayar ba ta tafiya. Mai bututu ana iya toshe shi da soso ko safa a naɗe, ya koma rufaffe, kuma kamfanoni da dama suna haɗo irin wannan soson a kwali. A misalinmu, lita 18 a toshe za ta ba da Qtc 0.54, duma ya ragu amma ya yi tsafta, wanda sau da yawa shi ne maganin ɗakin da ke gunji. In bai yi maka ba ka zare. Amma huda rufaffen da kamfani ya yi, wai don a ƙara masa duma, ɓarna ce: wufarsa an yi ta da laushi ne don iskar akwati ta riƙe ta, ka buɗe mata rami ka cire mata abin riƙo. Haka nan sauya wufar mai bututu da wata don kawai incinsu ɗaya, tunda an yanka bututun ne a kan lambobin ta farkon. Idan tsohuwar rufaffiya ta rasa dumanta, ka fara duba soson da ke kewaye da faifan, wanda zafi da laima ke ruɓar da shi har ya riƙa marmashewa a yatsa. A sauya shi da sabo mai laushi irinsa, a sake liƙe gefen wufar da jikin katako, sannan a duba kafasitocin kurosoba, domin masu ruwa a ciki suna bushewa idan sun tsufa.